Soja Ba Ya Harbi Sai An Buga Hatimi

Malam, aje wayar nan ka juyo, yau da gardama na zo. An ce kai ne kake bugun ƙirji a majalisa, wai jikinka cike yake da sojoji, ƙwayar cuta na leƙowa za su yi mata rubdugu. Madalla da jarumi. To amsa mini ɗaya: da wane ido suka gan ta? Farar ƙwayar jini ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta da ƙwaƙwalwa. Faɗinta duka-duka kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, kuma a cikin duhu take yawo. Amma a haka take bambance naman jikinka da na baƙo, ta ƙyale wannan, ta kashe wancan.

Ka ce ikon Allah? Ai ban musa ba. Sai dai faɗin haka ba ya hana a leƙa hikimar da ke cikin aikin, kuma na lura ba ka tuno da wannan amsa sai ka ga darasi ya tunkaro ka. Zauna, ba inda za ka.

Mu ɗauki ɗaya daga cikin sojojin naka, wadda likitoci ke kira ƙwayar T. A ɓargo ake haifar ta, a horar da ita a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, sannan a sake ta ta shiga zagaye. Sana'arta lalube. A fatarta akwai dubban makarɓai, duk iri ɗaya, an ƙera su su dace da wani guntun furotin na musamman. Sauran ƙwayoyin jiki kuma kullum suna baje guntayen abin da ke cikinsu a kan fatarsu, ita tana bi tana shafawa. Yau ta shafa dubu ba ta ji komai ba, gobe ma haka. Ran da ta shafo guntun da ya dace da makarɓinta, ranar zance ya fara.

Ka ce shi ke nan, ta ji baƙo, sai duka? Sannu da gaggawa. Makarɓin nan a waje yake. Masu yanke hukunci kuwa suna can tsakiyar ƙwayar, inda aka adana DNA. Wutsiyar da makarɓin ya zura ciki 'yar guntuwa ce, ba ta iya tsinana komai da kanta. Guntun ƙwayar cutar ma ba ya shiga, a ƙofa yake tsayawa. To wa zai kai labari? Kai?

A nan kainas ke shigowa. Kainas furotin ne mai aiki ɗaya: ya ciro ɗan ƙullin fosfet daga ATP, wato sinadarin da ƙwaya ke ajiye kuzarinta a ciki, ya manna shi a jikin wani furotin. Wanda aka manna wa sai ya canza siffa, ko ya zama wurin da wani zai zo ya kama. Ɗauke shi a matsayin mai buga hatimi. Takarda ta taso daga mai unguwa, ba ta zuwa gaban dagaci sai da hatimi, ba ta wuce hakimi sai da hatimi, har ta isa fada. A kowane mataki kuma akwai wani ma'aikaci mai suna fosfatas, tsaye da abin gogewa, ba shi da aiki sai share hatimin da aka buga. Lafiyarka, ranka ya daɗe, tana rataye ne tsakanin mai bugawa da mai gogewa.

Ka ce ni na ƙirƙiro wannan ofis don in burge ka? Da ni ne, da tuni na karɓo kyautar Nobel, don an ba da ita a kansa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne, a Jami'ar Washington da ke Siyatil a Amurka, suka gano a tsakiyar shekarun 1950 cewa manna fosfet da cire shi ne ke kunnawa da kashe wani furotin a tsokar zomo. Sai a 1992 aka ba su kyautar. A 1979 kuma Tony Hunter na Cibiyar Salk a Kalifoniya ya gano akwai kainas masu sauke hatiminsu a kan wani sashen furotin mai suna tairosin, kuma irinsu ne ke buɗe fage a ƙwayar T. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa da tsohon ruwan gwaji ya yi aikin don bai haɗa sabo ba, tsufan ruwan ne ya fito da abin fili. Kada ka yi murmushi, ba kowane mai ƙyuya ke dacewa ba. A 2002 aka ƙirga, aka samu kainas 518 a kundin halittar ɗan Adam. Kai da ke cewa ba ka san su ba, su sun san ka tun kana ciki.

Ga yadda takardar ke tafiya. Mai unguwa shi ne wani kainas mai suna Lck, yana maƙale a wutsiyar wasu mataimakan makarɓi da ake kira CD4 da CD8. Da makarɓi ya kama abin da yake nema, sai a jawo Lck kusa, ya shiga buga hatimi a wutsiyoyin furotin ɗin da ke kewaye da makarɓin. Gurabe goma ne a wurin, kowanne da mazaunin hatimi biyu. Hatimi na sauka, sai wani kainas, ZAP-70, wanda ɗakin binciken Arthur Weiss a San Faransisko ya gano a farkon shekarun 1990, ya zo ya dafe wurin da hannu biyu. Da hannu biyu fa: in hatimi ɗaya ya tarar, riƙon ba ya ƙarko. Lck ya buga masa nasa, ya farka, shi kuma ya buga wa wani furotin mai suna LAT. Shi LAT ba abin da ya iya sai tara jama'a, da an buga masa ma'aikata su yi caa a kansa. Ɗaya daga cikinsu ya tsaga wani kitse da ke jikin fatar ƙwayar gida biyu. Rabi ya ruga ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam, rabi ya tsaya a fata yana tashin wasu kainas ɗin. Duk wannan daga daƙiƙu ne zuwa 'yan mintoci, kai ko takalminka ba ka gama nema ba.

Ka ce to an isa fada? Da saura. Manzanni uku ne za su shiga, kowa da hanyarsa. Na farko, NFAT, yana zaune a waje jikinsa duk hatimi, kuma hatiman ne suka hana shi shiga. Sai kalsiyam ya tashi wani mai gogewa mai suna kalsinurin, ya share su, sannan a buɗe masa. Na biyu, NF-kB, wani mai gadi ne ke riƙe da shi. Kainas mai suna IKK ya buga wa mai gadin hatimi, wanda a wurinsa takardar kora ce, a ɗauke shi a farfasa, manzo ya wuce. Na uku, AP-1, sai kainas uku sun miƙa wa juna kafin ya samu: Raf ya buga wa MEK, MEK ya buga wa ERK. Ashe ba kowane hatimi ke cewa "tafi" ba. Wani "tsaya" yake nufi, wani "an sallame ka". Sai ukun nan sun hallara sannan fada ta ba da umarni a ƙera IL-2, sinadarin da ke ce wa ƙwayar ta hayayyafa. Shi ma IL-2 ɗin, in ya fita ya dawo ya ƙwanƙwasa, ba a barin sa ya shiga. Wasu kainas ne, JAK1 da JAK3, ke karɓar saƙonsa a bakin ƙofa, su buga wa wani manzon mai suna STAT5.

Na ga ka taɓe baki. Ka ce wannan ai ɓata lokaci ne, me zai hana a ja waya ɗaya daga ƙofa zuwa fada a huta? To saurara, injiniya. Kainas ba hatimi ɗaya yake bugawa ya tafi gida ba. Ya buga wa wannan, ya saki, ya kama wancan, kuma kowane ɗaya da ya tasa zai tashi wasu da yawa. Da haka raɗa ke zama gangami. A 2002 ɗakin binciken Mark Davis a Jami'ar Stanford ya nuna ƙwayar T na iya jin guntun baƙo ko da guda ɗaya ne tak a fatar wata ƙwaya, kuma kusan goma sun ishe ta ta zauna ta yi aiki sosai. Da wayarka ɗaya, raɗa za ta isa fada a raɗarta, ba wanda zai ɗago kai.

Ga kuma wanda ya fi wannan. Guntayen naman jikinka su ma suna ɗan manne wa makarɓin, don an yi horon ne a kansu. Bambancinsu da na baƙo sau da yawa a daɗewar riƙo ne kawai: na gida ya taɓa ya saki, na baƙo ya riƙe na 'yan daƙiƙu. In an saki kafin takarda ta gama bin tebura, masu gogewa su share komai, kamar ba a yi ba. In riƙo ya daɗe, hatimi ya fi ƙarfin gogewa, takarda ta wuce. Timothy McKeithan ne ya fito da wannan bayani a 1995. Jinkirin da kake zagi, shi ne binciken. Sannan ko an gama wannan, sabuwar ƙwayar T ba ta tashi da shaida ɗaya. Akwai wani makarɓi na biyu, CD28, wanda sai ya ji daga ƙwayar da ta kawo ƙara cewa lallai an ga ɓarna. In shaida ta farko ta zo babu ta biyu, ƙwayar ba zama kawai take yi ba, sandarewa take yi, ko an sake kiran ta ba ta amsawa. Ka so a ce kotunanmu na da wannan taka-tsantsan.

Ka ce in har abin cikin mintoci ne, me ya sa kake kwana biyar a kwance kana nishi kana kiran mutanen gida ɗaya-ɗaya? Saboda ƙwayar da ta dace da wannan baƙon ƙila ɗaya ce cikin dubu ɗari, ko cikin miliyan. Sai an lalubo ta, an tashe ta, sannan ta shiga rabuwa biyu duk bayan sa'a shida zuwa takwas, har guda ta zama dubbai cikin mako. Ka san inda ake wannan hidima? A kaluluwa. Wadda ke fito maka a matsematsi in ka yi tuntuɓe yatsa ya rure, ko a hammata, ko a wuya. Kai kana matsa ta kana tsaki, wai wani sabon ciwo ya ƙaru, alhali taron da aka kira dominka ne ya cika wurin.

Zazzaɓin ma da kake ɗora wa sauro shi kaɗai, da hannunka a ciki. Idan ƙwayoyin maleriya suka fasa jajayen ƙwayoyin jini, wasu manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, makrofaj, su ji tarkacen. Su ma ta hannun kainas suke kai labari, irin su IRAK4 da IKK ɗin nan mai korar mai gadi. Sakamakon shi ne su saki sinadarai irin su TNF da IL-1, waɗanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Sauro ya kawo baƙo, gaskiya ne. Amma wutar, a gidanka aka hura ta.

Ka ce duk zane ne a allo, wa ya taɓa ganin Lck da idonsa? To ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ana gane ma'aikaci ne ran da bai zo aiki ba. A 1952 wani likitan soja, Kanar Ogden Bruton na asibitin Walter Reed a Washington, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara takwas da cuta ke kayarwa a kai a kai. Da aka auna jininsa, sai aka ga babu sashen da makaman garkuwa, wato antibodi, ke zama. Bruton ya riƙa yi masa allurar antibodin wasu mutane duk wata, yaro ya samu sauƙi. Sai a 1993 aka gano mai laifin: kainas guda ɗaya, wanda aka sa wa suna BTK don tunawa da likitan. Idan babu shi, ƙwayoyin B masu ƙera antibodi ba sa girma su fito daga ɓargo. Umarnin ƙera shi yana kan kuromosom X ne, shi ya sa yara maza ciwon ke kamawa, kuma yakan bayyana bayan wata shida da haihuwa, lokacin da antibodin da uwa ta ba ɗanta ya ƙare. Tebur ɗaya cikin 518 ba kowa a kai, rundunar guda ta tafi.

Ga wanda zai fi ba ka haushi. A 1994 aka ba da rahoton jarirai da aka haifa ba su da ZAP-70. In an ƙirga ƙwayoyinsu na T masu CD4, ga su nan a jini, adadi bai ragu ba. Amma a tsokane su yadda aka ga dama, ba sa motsi. Soja ya cika bariki, bindiga a kafaɗa, takarda ta maƙale a tebur na biyu. Yanzu sai ka sake gaya mini cewa garkuwa yawan soja ce.

Yawwa, na san inda za ka ɓullo. Ka ce to tunda haka ne, a ƙara musu wuta mana, a sa masu hatimi su yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Har ka tuno mutumin nan mai lasifika a tasha, mai kwalba ɗaya da ke maganin basir da taifot da sanyi, ta kuma "ƙara garkuwar jiki". Ka yi sa'a kwalbar ba ta yin abin da ya ce. Ga abin da ya faru da aka yi da gaske. A ranar 13 ga Maris 2006, a wani sashen gwaji da ke harabar asibitin Northwick Park a Landan, aka yi wa lafiyayyun maza shida allurar wani sabon magani mai suna TGN1412. An ƙera shi ne ya danna CD28 da ƙarfin da ƙwayar T za ta tashi ba tare da jiran shaida ta farko ba. Abin da aka ba su bai wuce kashi ɗaya cikin 500 na wanda birai suka ɗauka lafiya ba. Cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, ga ciwon kai, ga rawar ɗari, ga amai, jini ya faɗi. Kafin gari ya waye, huhu da ƙoda sun fara tsayawa, duka shidan suna ɗakin kulawa ta musamman. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsun ƙafa da sassan yatsun hannu. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Sojojinsu ne, da aka ƙara musu wutar da kake roƙo.

Ba sai an je Ingila ba ma. Atishawar da ke damun ka in hazo ya sauko, da borin jinin da ke fito wa wani in ya ci abin da jikinsa bai so, duk aikin hatimi ne da aka buga a kan takardar banza. Wata ƙwaya mai suna mast ta ji ƙura, kainas biyu, Lyn da Syk, suka buga, ta zubar da histamin cikin mintoci. Piriton ɗin da kake haɗiya bai je ofishin ba, histamin da aka riga aka zubar yake tarewa. Haka amosanin gaɓɓai irin wanda ke kumbura yatsu ya karkatar da su: garkuwa ce ta juya wa mai gida. A wurin waɗannan bayin Allah, garkuwar ba rauni gare ta ba. Ƙarfi ne ya rasa mai ce masa bari.

Shi ya sa jiki bai yi wasa da masu cewa bari ba. Lck kansa akwai wani kainas, Csk, da ke buga masa hatimi a wutsiya ya naɗe shi ya kwanta, sai wani mai gogewa, CD45, ya share sannan ya miƙe. Ka ji? A nan mai bugawa ne ke kashewa, mai gogewa ke kunnawa. Akwai kuma makarɓai biyu, CTLA-4 da PD-1, da ke fitowa bayan faɗa ya yi nisa don su ce ya isa. PD-1 mai gogewa yake kirawo wa, SHP-2, ya bi hatiman yana sharewa. A 1995 aka samar da ɓeraye marasa CTLA-4. Ka ce sun zama zakuna, ko? Cikin mako uku zuwa huɗu suka mutu, ƙwayoyinsu na T sun cinye musu zuciya da sauran kayan ciki.

Je ka duba abin da masu haɗa magani na gaske suka yi da wannan ilmi. Yawancin abin da suka ƙera ba ƙara wuta yake yi ba, riƙe hannun mai hatimi yake yi. Tofacitinib, da aka amince da shi a Amurka a 2012 don amosanin gaɓɓai, JAK yake toshewa. Ibrutinib na 2013 BTK yake toshewa, don wasu nau'o'in sankarar jini na ƙwayoyin B sun dogara da wannan tebur, ba sa rayuwa sai da shi. Lokacin korona, da aka lura cewa masu tsananin ciwo garkuwarsu ce ke ƙona musu huhu, a Janairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba su baricitinib, wani mai toshe JAK ɗin. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko a Indiya, zai rayu ne yana shan irin su tacrolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta a ƙasar Tsukuba ta Japan a 1984. Aikinsa ya kama kalsinurin, NFAT ya kasa shiga fada, ƙodar baƙo ta zauna lafiya. Wani ɗan'uwansa, sirolimus, daga ƙasar tsibirin Rapa Nui na tekun Fasifik ya fito, shi kuma kainas mai suna mTOR yake riƙewa. Kai wa irin wannan majiyyaci kwalbar ƙara garkuwa, ka ga ko ba da gudu zai bar maka ɗakin ba.

Ka ce to ka gane, a kashe su gaba ɗaya a huta? Kai dai ba ka da tsakiya, ko ka cika ko ka zubar. Masu shan maganin toshe JAK sai an gwada su ko suna ɗauke da tarin fuka a kwance kafin a fara, don maganin na iya tashin sa. An kuma gargaɗi likitoci kan daskarewar jini da ciwon zuciya ga wasu masu shan sa. A ɗaya gefen, akwai magungunan da ke cire wa garkuwa takunkumi da gangan, ta hanyar toshe CTLA-4 ko PD-1, don ta afka wa sankara. A kan su James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka karɓi Nobel a 2018. Sun ceci rayuka, amma likita na tsaye a kai, don garkuwar da aka sake takan waiwayo hanji, ko fata, ko hanta. Ko'ina ka taɓa a ofishin nan, da farashinsa.

Har yanzu kana girgiza kai? To bari in kira shaidun da ba su taɓa shiga aji ba. Ƙwayar annobar da ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351, Yersinia pestis, tana da wata 'yar allura da take soka wa ƙwayar garkuwa. Me take ɗura mata? Mai gogewa nata na kanta, YopH, ya bi hatiman da aka buga yana sharewa kafin labari ya isa ko'ina. Ƙwayar antaraks ta dabbobi tana sakin guba mai datse MEK, tebur na tsakiya a jerin ukun nan. Toxoplasma, wadda ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, ta fi su iya shege: da kainas ɗinta take zuwa, ROP16, ta buga hatimin jabu a kan manzannin STAT, fada ta karɓi umarnin da ba daga ƙofa ya fito ba. Da ɗan gari akan ci gari. Halittar da ba ta da kai ta yarda da kainas har ta yi masa shiri, kai mai hula a ka kana nan kana "anya".

Ka ce to an ji, me za a yi, tunda na hana ka kwalba? Ban hana ka cin abinci ba. Duk ma'aikatan nan furotin ne, da wake da ƙwai da kifi da nama ake ƙera su, shi ya sa yaro mai tamowa cuta ke saurin kayar da shi. Har sinadarin zinki na da kujera a ofishin: ƙwayarsa ɗaya ce ke ɗaure Lck a wutsiyar CD4. In ya yi ƙaranci, aiki ya samu tangarɗa. Amma cike giɓi daban, ƙari daban. Wanda ya ƙoshi, ko ya haɗiye kwalin zinki guda, ba zai samu gurbi na goma sha ɗaya ba, sai dai tashin zuciya.

Hanyar da aka tabbatar tana gyara aikin ofishin nan ita ce wadda kake wa kallon hadarin kaji: rigakafi. Ana nuna wa ƙwayoyin guntun baƙo ba tare da baƙon ya iya ɓarna ba. Takarda ta bi tebura, a hayayyafa, a watse, amma a bar ƙwayoyi masu tuni, waɗanda sun fi na farko yawa kuma sun fi saurin tashi. Ran da ƙyanda ko sanƙarau na gaske ya zo, abin da zai ci mako sai ya ci kwana ɗaya ko biyu. Ba ƙarfi aka ƙara ba, sani aka ƙara.

Saboda haka ɗauko katin rigakafin yaronka daga ƙarƙashin katifa, ka duba ranar da aka rubuta, ka kai shi. In ya ɗan yi zafi da dare, kada ka tashi unguwa da salati, ma'aikata ne ke kan tebur. In zafin ya yi yawa ko ya ƙi sauka, a koma asibiti. Gardamar kuma ka ajiye mini ita, kada ka kai wa ma'aikaciyar jinya, layi gare ta. Ni ne mai lokacinka, kuma saura kainas ɗari biyar da ban gabatar maka ba.